Yatsu Uku na Malam Garba Mai Awo

"Ki tsallake wagga shekara, Nusaiba. Daga ta huɗu ki faɗa ta shida, wa zai ƙirga?"

"Ni zan ƙirga, Inna," in ji Hafsatu. "Yatsuna ne fa."

"Yatsunki, amma mijina. Bawan Allah kwana talatin a kabari, ku tone shi da biro?"

Wannan ja-in-ja ta auku ne a gidan marigayi Malam Garba Mai Awo, tsakanin matarsa Salamatu da 'yarsa Hafsatu, bayan masuntan Mashigin Tsamiya da ke bakin tafkin Madarumfa sun nemi autarsa Nusaiba ta rubuta tarihinsa domin a karanta ranar buɗe ruwa. Shekarar da ake jayayya a kanta ita ce 2005. Ga abin da Nusaiba ta rubuta.

Haihuwa da karatu

An haifi Garba a Madarumfa a shekarar 1951. Mahaifinsa Ɗan Azumi masunci ne, mahaifiyarsa Ɗelu kuwa sana'arta bandar kifi. Yana da shekara bakwai aka kai shi Safo wajen kawunsa, inda ya yi karatun allo har izu ashirin. Ya kuma taɓa lakwal, wato makarantar boko, na shekara biyu, daga nan mushensu, wato malaminsu, ya sallame shi da cewa jikinsa ne kaɗai ke cikin aji, ransa yana tafki. A 1964 mahaifinsa ya kifa shi a kan gora ya tura shi ruwa, tun daga wannan rana kuwa bai sake neman wata sana'a ba.

Aure da iyali

A 1978 ya auri Salamatu, 'yar Sarkin Yamma, wadda ke zuwa sarin kifi tare da gwaggonta. An ruwaito cewa wata biyar ya yi yana ɓoye karfasar da ta fi kowace girma a ƙarƙashin ganye har sai ta iso, bai taɓa furta mata kalma ɗaya ba. Ita ce ta gaji, ta ce masa, "Malam, kifin nan dai ya gama magana, saura kai." Allah ya albarkace su da 'ya'ya shida, na farinsu Nasiru.

Riƙon awo

Masuntan mashigin suna da ka'ida tun kaka da kakanni. Da damina ana rufe ruwa domin kifi ya hayayyafa. Ranar buɗewa kowa zai kawo komarsa gindin tsamiya, mai awo ya zura yatsunsa uku a idonta. In sun shige, koma ta halatta, domin ƙaramin kifi zai kuɓuce ta cikinta ya je ya girma. In sun cije, a ƙone ta a gaban jama'a.

A 1988 dattawa suka ɗora wa Garba wannan amana, bayan ya dafa Alƙur'ani. Ba su zaɓe shi don gaskiyarsa kaɗai ba, har da kaurin yatsunsa, waɗanda abokan wasansa ke kira taɓaren Ɗelu. Shekara goma sha bakwai ba a ji ya sassauta wa kowa ba. A 1993 ya ƙone komar ƙanensa Aliyu, uwa ɗaya uba ɗaya, abin da ya sa suka shekara biyu ba gaisuwa. A 2003 wani furoje, wato shirin tallafi, ya kawo 'ya'yan kifi, bargi da giwan ruwa, cikin tano-tano, wato ganguna, aka zuba a gefensu na tafkin, da sharaɗin a ba su lokaci su yi ƙwai, kuma Garba ne ya tsaya a gaban baƙin da suka kawo su ya ce sun bar amana a hannun da ba ya rawa.

Shekarar 2005

Damina ta gaza a 2004, fara ta cinye abin da ya saura, saboda haka 2005 ta riski mutane da rumbuna wayam. Manyan kifi sun yi ƙaranci, amma ƙanana sun cika bakin gaɓa, ana ganinsu da ido. Magidanta suka riƙa sallama a ƙofar Garba, su gaishe shi, su tashi. Babu wanda ya roƙe shi kome, kuma ya fahimci abin da ba a roƙa ba.

Ranar buɗe ruwa ya fito da hannun dama a naɗe cikin tsumma, ya shaida wa jama'a cewa ƙayar kifin kurungu ta soke shi. Hannun lafiya lau yake. Ya kira Hafsatu, tana da shekara takwas, ya ce, "Hannun ɗiya ai hannun uba ne. Zo ki auna."

Yatsu ukun yarinyar ba su kai rabin nasa ba. Ta bi komomi arba'in da ɗaya tana zurawa tana dariya, tana cewa, "Ta wuce, Baba! Wannan ma ta wuce!" Dattawan da suka rantsar da shi suna zaune, kowa ya sunkuyar da kai yana jan tasbaha. Aliyu ne kaɗai ya buɗe baki, ya ce, "Allah shi ba ka lafiya, Yaya. Ashe kurungu ya fi ni sa'a."

Cikin wata uku aka kwashe kifin da bai kai tafin hannu ba, aka shanya shi a tabarmi. Gidaje sun ci, yara sun yi barci da abu a ciki, wannan gaskiya ce da babu mai musunta. Sai dai an haɗa da 'ya'yan bargin da ba su riga sun hayayyafa ba. Daga 2006 kamun mashigin ya faɗi ƙasa warwas, samari tara suka naɗe komominsu suka nufi tafkin Cadi. Nasiru yana cikinsu. Zazzaɓi ya kashe shi a can a 2008, aka binne shi a inda mahaifansa ba su taɓa gani ba.

Ƙarshen rayuwa

A 2007 Garba ya ajiye awo, ya ce ido ya fara gazawa, wanda shi ma ba gaskiya ba ne. Tun daga ranar tsumma bai ƙara sa kifin tafkin a baki ba, ko da Salamatu ta yi miyar da ya fi so, sai ya ci tuwonsa da kuka yana kallon bango. Ya daina zama gindin tsamiya, in an kira shi Mai Awo sai ya yi kamar bai ji ba. Abin da ya fi cinsa, kamar yadda ya faɗa wa Hafsatu ranar da za a kai ta ɗakin miji a 2016, ba kifin ba ne: "Da na tsaya na ce mu ci, yunwa ce, da na mutu da mutuncina. Amma na ɓoye bayan hannunki. Ki gafarce ni." A ranar ya ba ta wani guntun icen kirya da ya sassaƙa daidai faɗin yatsunsa uku, ya ce ice ba ya jin kunyar maƙwabci, ba ya kuma naɗa tsumma.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa ranar Talata da hantsi, cikin watan Satumba na 2024, yana da shekara saba'in da uku, bayan jinyar mako biyu. An yi masa sallah bayan azahar, aka binne shi a maƙabartar gari kusa da mahaifinsa. Aliyu ne ya shiga kabarin ya karɓe shi. Ya bar mace ɗaya, Salamatu, da 'ya'ya biyar: Gambo, Al'amin, Aminatu, Hafsatu da Nusaiba, da jikoki goma sha huɗu. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa abin da shi ya kasa yafe wa kansa.

Nusaiba ta karanta wa Salamatu tarihin har wannan wuri. Hafsatu ta ajiye icen kirya a kan tabarma, ta ce, "Inna, hatsi ya yi tsada bana. Na ji samari na cewa a rage awo zuwa yatsa biyu, wai ko Mai Awo da yana raye zai tausaya. In an karanta musu yabo kaɗai, me zai tsai da su?"

Tsohuwar ta ɗauki icen, ta auna shi da nata yatsun, sai ga huɗu sun kwanta a kansa. Ta share ido da bakin zane.

"Kada ki tsallake kome, Nusaiba. A karanta shi gindin tsamiya, a rataye icen nan a wurin. Kuma ki ƙara layi guda: ni na naɗa mishi tsumman."