Katako na Bakwai

A gidanmu na Magarya akwai matakalar katako mai hawa kan soro. Babanmu ya sa aka yi ta tun ban san kaina ba, don shanyar kuɓewa da barkono. Bayan rasuwarsa shanya ta dawo tsakar gida, matakala kuwa ta sami sabon aiki. In ka zauna kan katako na bakwai ka fuskanci kudu, rezon Nijeriya, wato netwok, yana kama waya. Babu a na shida, babu a na takwas, har kan soron ma babu. Kada a tambaye ni dalili, ni lissafi nake koyarwa a lakwal, makarantar boko.

Duk Juma'a bayan la'asar Inna takan gyara ɗaurin zane, ta hau da hannu da ƙafa, ta kira yayarta da ke aure can bayan iyaka, a Nijeriya. Mu ma Yaya muke ce mata. Su biyu suka rage a ɗakinsu, kuma sun yi shekaru ba su ga juna ba, kowacce tana kukan ƙafa. Hirar ba ta wuce ciwon gwiwa da wanda ya rasu, amma ita Inna take jira tun daga Asabar.

Gara dai ta daɗe tana cin matakalar. Ranar da ƙafata ta burma a katako na uku raina ya ɓaci. Na bari Inna ta tafi suna a garin Dogo-Dogo, na kawo kafinta ba da saninta ba. Ya gwada, ya girgiza kai, ya ce hawa goma sha biyu ɓarnar katako ne, goma sun isa. Ya ɓalle tsoffin, ya buga sababbi, muka shafa shuɗin fenti. Har maƙwabta na kira su gani.

Juma'a ta zo. Inna ta ƙirga bakwai, ta zauna, waya shiru. Ta gwada na shida, ta gwada na takwas. Ni ma na karɓa na hau na sauka har gumi ya jiƙa ni.

"Ina katakona?" in ji ta.

"Inna, ba a katako rezo yake ba, tsayin wurin ne."

"Ni da nake zama a kansa ban sani ba, sai kai?"

Na so in yi gardama, amma ba wanda ya auna tsayin tsohon kafin a ɓalle shi. Na koma wajen kafinta, ya ce tsoffin katakan ya ba surukinsa mai shayi a kasuwar Dungas, an yi benci. Haka na hau kabu-kabu, babur ɗin haya, ni malami guda, na je na roƙi dattawa huɗu su ɗaga da kofunansu in duba abin da suke zaune a kai. Na gane katakon na bakwai da santsin tsakiya, inda zaman Inna ya goge shi. Mai shayi ya rantse tun da aka kawo shi bai taɓa kama ko da gaisuwa ba. Na ɗauro katakon a gicciye, muna ture awaki a hanya. Muka buga shi sama, muka buga shi ƙasa, babu.

Juma'a uku suka wuce. Inna ta rage cin abinci, ta ma daina yi mini faɗa, wannan ne ya tsorata ni. Ana cikin haka ɗan Yaya ya kira ni ina aji a Sassumbrum, inda rezo ke kamawa, yana tambayar dalilin shirun Inna. Na ce masa, "Lafiya lau take, matakala muke gyarawa." Na manta cewa a wajenmu in za a ɓoye wa tsoho mutuwa, da lafiya lau ake farawa, sannan a kawo wani dalili maras kan gado.

Ran Asabar da hantsi muka ji salati a zaure. Yaya ce, ƙura har gira, mai kabu-kabu na biye da ita da rabin buhun gero na sadaka. Ta shigo tana kuka, ta tarar da mamaciyar zaune tana tsince wake.

"Ke, ba ki mutu ba?"

"Ina fa, Yaya. Yaron nan ne ya yi mana gyara."

Yaya ta durƙusa da ƙyar, ta shafa fuskarta da hannu biyu. "Kin tsufa," ta ce.

"A waya ba a gani."

Na sunkuyar da kai, kunya da daɗi suka haɗe mini. Geron kuwa da niyyar sadaka aka kawo shi, ba a mayar da shi. Inna da kanta ta sa aka daka gumba, ta ɗauki ƙwarya ta bi gida-gida tana raba sadakar mutuwarta. Yaya na bayanta tana ɗingishi, riƙe da gefen zanenta, ba ta saki ba har suka gama unguwar.