Motar Gobe

A shekarun da aka ce gwamnati za ta taso daga Ikko ta zo ta zauna a ƙasarmu, mu aka fara tayarwa don a yi mata wurin zama. Masu awo suka zo da sanduna masu jan kai. Bayansu katafila ta zo. Bayan katafila manyan motoci suka zo suka kwashe mu, da tukwanenmu da awakinmu. Abin da mota ba ta ɗauka ba shi ne waɗanda ke kwance a ƙasa. Mu a cikin gida muke binne namu, a bayan ɗaki ko a gindin rumbu, don kada su yi nisa da mu. Duk can muka baro su.

Ni na sauka a Kurudu wurin dangin mijina, shi kuwa bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa. Gona ta tafi, miji ya tafi, ga 'ya'ya na kallona. Haka na sami kaina a wani ƙaramin asibiti a kan hanyar Keffi, kafin a kai Masaka. Ban yi boko ba, saboda haka aikina shara ne da wankin zannuwa da juya marasa lafiya. In kuma an kawo wanda harshensa ya fi sakewa da Gwaranci, ni ce tafinta.

A bayan asibitin akwai wani ɗaki mai gadaje kaɗan, ana ce masa ɗakin baya. Nan ake kwantar da waɗanda manyan asibitoci suka sallama, aka ce wa danginsu a koma gida a yi ta addu'a, alhali gidan ma babu shi. Ba a shiga ɗakin baya don a warke. Kowa ya sani, ba mai faɗi.

Mai kula da ɗakin wata babbar nas ce 'yar kudu, doguwa, furfura na leƙowa ta gefen hularta. Sista muke ce mata. Hausarta a karye take, amma ba ta maimaita magana. A ƙarƙashinta akwai wata ƙaramar nas da ta fito makaranta ba da jimawa ba, yarinya mai fara'a, mai saurin hannu, mai saurin hawaye kuma.

Da damina aka kawo mana wani tsoho. Ciwon daji ya ci masa ƙashin baya ya gangara ƙugu, ko juya shi za a yi sai mun taru mu biyu, muna yi yana cije leɓe. Manomi ne, mutumin wani ƙauye da ke can tsakiyar inda ake gina birnin, ba nisa da namu ƙauyen. Bai musulunta ba, bai shiga coci ba, yana nan kan abin da ya tarar iyayensa na yi. Ɗansa ne ya kawo shi, leburan gini, wanda ba ya samun leƙowa sai ranar Lahadi.

Tun zuwansa ya mai da ƙaramar nas abokiyar wasa, irin wasan kaka da jika.

"Amarya, yau ma allura kika dafa mini? Wace irin mace na auro haka?"

"Kai tsoho, har kai miji ne? Ko ɗan kwali ba ka taɓa saya mini ba."

"Ki bari in miƙe. Doya zan noma miki, kowace kamar turmi."

"Ka fara shanye kunun nan tukuna, mai doya."

Wasa yake yi, amma ƙarshen kowace hira ɗaya ne. Sai murmushin ya ɗauke, ya dubi taga, ya ce, "A kai ni gida."

Wata rana da ya faɗi haka, yarinyar ta kasa jurewa, ta ce, "Gobe, Baba. Gobe mota za ta zo." Ranar ya ci abinci, har ya nemi ƙari. Da muka ga haka, kowa ya ɗauka. Mai girki ta ce gobe, maigadi ya ce gobe. Ni kaina ban ga aibin abin ba, don a wurinmu ba a kallon idon babba a ce masa gidanka ya zama hanya. A lokacin Sista ba ta nan, ta tafi neman magunguna.

To, ramin ƙarya ƙurarre ne. Tsohon ya sa aka ɗaure masa hularsa da tsohuwar rigarsa a cikin tsumma, ya ajiye ƙunshin ƙarƙashin hannunsa. Sannan ya fara ƙin allurar kashe zafi, don tana sa shi barci.

"In na yi barci motar ta zo ta wuce fa?"

Hanyar Keffi kuwa a shekarun nan ba ta hutawa. Tifa ce ke wucewa da yashi, tifa ke dawowa. Kowace ta yi ƙugi sai ya ɗaga kai, kowane ɗaga kai kuma kamar an caka masa wuƙa a baya ne. Mukan ji shi daga wurin wanki, yana nishi irin na sa da aka kayar. Zufa ta jiƙa zanen gado, mu canja, ta sake jiƙawa. Bargon da yake cijewa har ya huje. Yarinyar ta zo da allura ta roƙe shi, ya ture hannunta.

"Ke kika ce gobe. In na shiga mota sai ki yi mini duk wadda kike so."

A haka Sista ta dawo ta same mu. Ta tsaya a ƙofar ɗakin baya ta saurara. Sai ta kira ni da yarinyar gindin mangwaro, inda nake shanya.

"Wa ya ce masa mota zai zo?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Ni ce, Sista. Tausayinsa na ji."

"Tausayin wa? Nasa ko naki? Kin kasa kallon fuskarsa, kin ba shi gobe don ki samu ki fita ɗakin. Ke kin fita. Shi yana ciki."

Na ga hawaye ya zubo wa yarinyar, sai na sa baki. Na ce, "Sista, a yi haƙuri. A wurinmu ba a yin haka. In aka ce masa gida babu, an kashe shi da baki."

Ta juyo ta dube ni. "Mama, ban ce a jefe shi da magana ba. Kullum yana cewa gida, gida. Akwai wanda ya tambaye shi me ya bari a can?"

Babu. Ni da muka fito ƙasa ɗaya ma ban tambaya ba, don na ɗauka na san amsar.

Sista ta sa yarinyar ta ɗauko kujera 'yar tsuguno daga ɗakin girki. Da muka shiga, yarinyar na riƙe da tiren allura, Sista ta karɓe shi ta ajiye a kan taga.

"Mai tire a hannu shirin fita yake yi. Zauna. Kada kanki ya fi nasa tsawo."

Ta zauna. Ni na durƙusa ta ɗaya gefen, don in zafi ya yi masa yawa Hausa takan guje masa.

"Baba," in ji yarinyar, "babu mota. Ni na faɗa, kuma ba gaskiya ba ne."

Na mayar masa da Gwaranci, ko da yake na ga ya ji. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce, "Ashe yaro kuka mai da ni." Ya juya fuska ga bango.

Yarinyar ta yunƙura za ta tashi, Sista ta dafa kafaɗarta ta mai da ita. Muka zauna. Tifa ta wuce, bai ɗaga kai ba. Wata ta wuce.  Can Sista ta yi wa yarinyar alama da ido.

"Baba, me ka bari a gida?"

Bai juyo ba. Da bango ya yi magana, da harshenmu, ni kuma ina kwashewa ina ba su. Ya ce ya san an rushe, shi ba yaro ba ne, ba ɗaki yake nema ba. Matarsa ce ke kwance a bayan ɗakin. Ranar da motoci suka zo yana Suleja neman magani, ɗansa ne ya kwashe kaya. A al'adarsu kuwa, in za ka bar gida sai ka tsuguna a kan naka da ke ƙasa, ka dama gari da ruwa ka zuba, ka gaya musu inda ka nufa, don ran da taka ta zo su san inda za su tarye ka. Shi bai yi sallama da ita ba.

"In na mutu a nan, ina za ta neme ni? Ba ta san Masaka ba. Ko cin kasuwa ba ta taɓa zuwa nan ba."

Sista ta gaya masa a fili cewa bayansa ba zai ɗauki wannan hanya ba. Ya ce to a aika. Ɗansa ya shiga coci, ya riga ya ce shi ba ya zuba wa ƙasa gari. Ni musulma ce, zuciyata ma ta yi ɗar, amma saƙon mai barin duniya amana ne, ni baki kawai zan ara masa. Sista ta dubi yarinyar.

"Ke kika yi alkawarin mota. Ke za ki hau ta. Wannan ma aiki ne, kamar allura."

Tsohon ya kwatanta mana: akwai dutse mai tsaga a tsakiya, akwai ɗorawa, akwai rafi a ƙasa. Amma ya ce ba zai karɓi allura ba sai mun dawo, yana so ya ji da kunnensa a farke.

Da safe muka roƙi wani direban tifa ya ɗauke mu. Inda ya sauke mu, na tsaya na rasa gabas. Ƙasar da na sani da gonaki da bishiyoyi an fere ta kamar ƙwarya, ja wur har iyakar gani, sai turaku da ramuka cike da ruwan sama. Farin takalmin yarinyar ya nutse a taɓo, ta cire ta riƙe a hannu. Muka yi ta yawo muna tambaya, leburori na ce mana su ma baƙi ne. Ɗorawa babu. Rafi an zura shi cikin manyan bututun siminti. Daga ƙarshe muka ga dutsen, an fasa rabinsa an kwashe, amma tsagar na nan.

Wani oga mai hular kwano ya daka mana tsawa daga nesa. Ba mu kula shi ba. Na zaɓi wuri kusa da dutsen na tsuguna, na dama garin a 'yar ƙwarya, na miƙa wa yarinyar. Ita ta zuba, ni na yi maganar. Na ce mijinki ya aiko mu. Yana kan hanyar Keffi kafin Masaka, a ɗakin da ke bayan asibiti, gadon da ke jikin taga. Ya ce ya kusa, kada ki bi tsohuwar hanya. Leburori suka tsaya suna kallonmu, wasu na dariya. Ɗaya daga cikinsu ya cire hularsa.

Da muka juya, na fuskanci wajen da namu ƙauyen yake, inda na bar 'ya'yana ƙanana biyu kwance a gindin rumbu. Na ce "Kurudu" a hankali, na bi bayan yarinyar.

A cikin mota ta ce, "Mama, in ya tambaya, mu ce mun ga kabarin?"

Na ce, "Bakinki ne, 'yata."

Da la'asar muka iso. Tun daga ƙofa muka ji nishinsa. Leɓensa ya fashe, idanunsa sun faɗa, ƙunshin na nan ƙarƙashin hannunsa. Ba wanda ya ce wa yarinyar komai. Da kanta ta je ta ɗauko 'yar kujerar ta zauna, taɓo har gwiwa.

"Baba, ba mu ga kabarin ba. Babu ɗorawa, babu rafi. Dutsen kawai muka samu, shi ma rabi."

Ya rufe ido. Na ce a raina shi ke nan, mun ƙarasa shi. Can ya ce, "Ta wane gefe kuka zuba?"

Na ce tsagar dutsen na hagunmu, muna kallon gabas.

Ya auna wurin a ransa. "Gidan wana ne nan. A tsakar gidan wana kuka tsaya. Tawa tana can ƙasa, wajen rafi."

Yarinyar ta rufe fuska da hannu biyu. Ba ta tashi ba dai. Sista na tsaye a ƙofa, ita ma ba ta motsa ba. Sai muka ji wani sauti daga ƙirjinsa, na zaci shaƙuwa ce, ashe dariya ce take neman hanya.

"Matar wan nawa na kwance a nan. Wannan mata, tun tana da rai magana ba ta kwana a bakinta. Kafin ku hau mota ta kai labari."

Ya zare hannunsa daga kan ƙunshin, ya miƙa shi a hankali.

"Amarya, kawo girkin naki."

Ta yi masa allurar. Na ga jijiyoyin wuyansa suna saki ɗaya bayan ɗaya, bakinsa ya buɗe, ya yi barcin da ya daɗe bai yi ba. Na zare ƙunshin na ajiye a ƙarƙashin gado. Tifofi suka ci gaba da wucewa.

Bai sake wata doguwar magana ba. Wata safiya ana yayyafi, yarinyar na zaune a kan 'yar kujerar tana jiƙa masa leɓe da auduga, numfashin ya fita bai dawo ba. Aka binne shi a maƙabartar baƙi da ke bayan gari, cikin mutanen da bai sani ba.

Shekaru bayan haka na bi ta wajen a cikin bas, ni da jikata. Gidaje ne masu hawa da katanga da fitilu. Na leƙa ta taga ina neman rabin dutsen nan. Shi ma an kwashe.