Koren Alƙalamin Akawu

Mai Tawada ake ce masa, don yatsunsa ba su taɓa rabuwa da shuɗi ba. Gyaran alƙalami ne sana'arsa tun yana saurayi, a wani ɗan shago ƙarƙashin matattakala. Da biro ya zo, ciniki ya mutu murus. Sai 'yarsa ta fari ta kawo dabara: a yanka tsofaffin alƙaluman. Bakin ya zama 'yan kunne, jikin ya zama duwatsun sarƙa. Shi ke yankawa da ƙaramin zarto, ita ke gogewa tana shiryawa. Masu sha'awar tsofaffin kaya kuwa suka yi ta rububi.

Doka ɗaya ya kafa wa kansa. Ba ya sa zarto sai ya tsoma alƙalami a tawada ya ja layi. Wanda ya yi rubutu, yana da sauran kwana.

Wata rana abokinsa, tsohon akawu, ya kawo koren alƙalaminsa a canja masa robar tawada ta ciki.

"Mahauci, kar ka yanka min shi fa," in ji Akawu.

"Wa zai sayi naman tsoho irinka?"

Suka yi dariya. Mai Tawada ya ajiye shi a gefen tebur.

A makon nan aiki ya yi yawa, 'yarsa na ta cewa, "Baba, kore nake nema, kore!" Ya miƙa hannu ya ɗauka, bai tsoma ba. Sai da zarto ya ratsa ya ga tabon haƙori a murfin, inda Akawu ke cizo in yana tunani.

Da Akawu ya dawo, ya ce masa roba ce ba a samu ba. Ya sake dawowa, ya ce masa gobe. A zuwa na gaba, Mai Tawada, dattijo mai furfura, ya shige bayan labule ya tsaya kamar ɓarawon kaza, yana jin 'yarsa na cewa, "Baba ya ɗan fita." Sarƙar da aka yi da koren alƙalamin kuwa tana wuyanta, ta sa don masu saye su gani, ba ta san ko na wane ne ba.

Akawu ya ƙura wa sarƙar ido.

"Ta yi miki kyau, 'yata," ya ce. "Ki gaida babanki. Ki ce masa takalmansa sun leƙo."

Washegari Mai Tawada ya sa bakin alƙalamin, wanda shi kaɗai ya tsira, a jikin wani baƙin alƙalami, ya kai wa Akawu har gida. Ya gaishe shi, ya miƙa masa. Akawu ya karɓa, ya juya shi, ya ajiye a kan taga.

"Da ka faɗa min tun ran farko, ai da mun yi dariya," ya ce.

Har yanzu suna gaisawa in sun haɗu a hanya. Amma Akawu bai ƙara ce masa mahauci ba. Malam yake ce masa.