Yadda Kakata Take Murza Igiya

Ran nan a kasuwar Garwa na ji wata mata tana ƙwanƙwasa tulu da bayan yatsa, ta kasa kunne tana neman ko da tsaga. Tulun ya amsa mata da ƙara ras, irin ta ƙasar da ta gasu sosai. Na tsaya cak da kwandona a hannu har sai da wani mai baro ya ce in ba shi hanya. In ka tashi a gidan maginiya, wannan ƙarar ba ta fita daga kunnenka.

Kakata ta wajen uwa ce ta riƙe ni, a gidanta na ƙarshen unguwa inda ake hango kogin Binuwai. Gajeruwa ce mai faɗin hannu, bakinta kuma ba ya ajiye magana ta kwana. Da rani, in ruwa ya ja baya, mukan je gaɓa mu haƙo yumɓu, ta kwaɓa shi da ƙafa tana yi mini tsiya wai tafiyata ta agwagwa ce. Abin da na fi son kallo shi ne lokacin ado. Takan ɗauko zaren rama ta murza shi a cinya ya zama 'yar igiya tsawon yatsa, sannan ta mirgina ta da tafin hannu a wuyan ɗanyen tulu. Igiyar sai ta bar sawu jere-jere kamar ƙwayar shinkafa a kwance.

Da wannan adon take alfahari. A cewarta, dangin mahaifinta ne suka zo da shi daga ƙasar Hausa a bayan jaki, kuma duk maginiyar da ke yinsa a ƙasar nan a wurinmu ta gani. Shaidarta wata tsohuwar tukunya ce ta gado da ke kusurwar ɗakinta, wadda ko taɓa ta ba a bari mu yi.

Tana da ƙawa guda, wata Kirista daga duwatsun arewa, ita ma maginiya. Duk jajibirin kasuwa takan sauko da tukwanenta ta kwana a gidanmu, tun kafin a haifi mahaifiyata. Hirarsu rabi Hausa ce rabi Fulatanci, sauran kuma dariya. To, wata rana a kasuwa wani mai saye ya rasa bambance tukwanensu, sai kaka ta ce a gaban mutane ai dole su yi kama, tunda mutanen dutse a hannunmu suka koya. Ƙawar ta gama cinikinta ta tafi, kuma daga ranar ba ta sake kwana a gidanmu ba. Kaka ta rantse ba za ta ba da haƙuri a kan gaskiya ba. Amma duk jajibirin kasuwa sai ta ƙara hatsi a tukunya, in dare ya yi ta ce mini in cinye ragowar, wai hannunta ne ya zarce. Na sha tuwo a wannan damina, kuma na san kewa ce take cin tsohuwar.

Can ƙarshen damina aka saki ruwa daga madatsar Lagdo, kogi ya cika ya batse. Da ya janye, sai aka ga gaɓar da muke haƙar yumɓu ta zaftare, ta tsaya a miƙe kamar an yanka ta da wuƙa. Kawuna, ɗan kaka na fari, malamin lekol ne, wato makarantar boko, kuma a lokacin hutu ya taɓa bin wasu mutanen jami'a masu haƙa tsofaffin kufai. Shi ya zo ya ce lallai sai Inna ta je ta gani da idonta.

Ban taɓa ganin cikin ƙasa a buɗe haka ba. Gaɓar ta fi tsayin mutum biyu, kuma layi-layi take, ja da fari da baƙi. A sama akwai gwangwani da fasassun kwalabe, kayan zamaninmu. Ƙasa da su yashi ne zalla mai kauri, ba komai a ciki. Can ƙasa kuma, daidai gwiwar kawu, ga wani baƙin layi na toka da ƙayar kifi, tsingaro ya cika shi maƙil. Kawu ya zaro guda ya wanke a ruwa ya miƙa wa kaka. A wuyansa ga sawun igiya nan, jere-jere, kamar jiya ta gama shi.

Kaka ta ce to ga shi nan, namu ne. Kawu ya ce a hankali dai, mutanenmu ba su wuce kakan kaka da zuwa ba, wannan yashin da ke sama kuwa ba a 'yan shekaru kogi ya tara shi ba. Ta ce ai kogi yana juya ƙasa, na sama ya koma ƙasa. Ya ce gaskiyarta, shi ya sa ba a yarda da abin da aka tsinta a warwatse, sai ya nuna mata duwatsun murhu uku a zaune a wurinsu, tokarsu a tsakiya ba ta motsa ba. Ta ce to fatake ne suka kawo tukwanen daga yamma tun kafin zuwanmu. Ya ce wannan ma yana yiwuwa. Ita ce da kanta ta karya gefen tsingaron ta ɗaga shi a rana, ta ga ƙyalƙyalin yashin da ke cikinsa, ta ce ba za ta yi wa Allah ƙarya ba, yumɓun nan na gaɓar nan ne. Da ta juya shi, sai ga sawun babban yatsa a ciki, inda maginiyar ta tallafe wuyan. Ta ɗora nata a kai, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

A gida kawu ya shimfiɗa tabarma ya jera abubuwa huɗu: tsingaron gaɓa, da tulun kaka, da wani tulu da ƙawarta ta taɓa bari a gidanmu, da tukunyar gado, wadda kaka ta fito da ita tana gunaguni. Ya ce mu dubi yadda sawun igiyar ya kwanta. Mai murza zare tana tura shi gaba a cinya, sawunta gefe guda yake kwanciya, mai jawo shi wajen jikinta kuma nata ya kwanta ɗaya gefen. Ya ce masu haƙa kufai suna lura da wannan ƙwarai, domin siffar tulu ana iya gani a kasuwa a kwaikwaya, amma murza igiya tun yarinta hannu yake koyonta, kuma da wuya ya sake.

Na tukunyar gado gefen dama ya kwanta. Sauran ukun duk hagu.

Kawu ya ce, "Inna, wa ya koya miki murza igiya?"

Ta ce kakarta ce ta wajen uwa, wata tsohuwa mai karyayyar Hausa, mai zane a fuska irin wanda ba kowa a dangi da yake da shi. Ba a taɓa faɗa musu daga ina take ba, su kuma ba su tambaya ba. Kawu ya ga yadda fuskarta ta yi, sai ya shiga sassautawa. Ya ce 'yan tsingaro kaɗan ba sa yanke hukunci, wataƙila tsohuwar bahaguwa ce, kuma ba wanda zai iya rantsewa cewa masu murhun nan kakannin mutanen dutse ne, ko wasu ne dabam da suka shuɗe ba labari.

Kaka ta ce, "Da dama take ci, da dama take murzawa. Kada ka lallashe ni kamar 'yar lekol ɗinka."

Ranar kasuwa ta ɗaure tsingaron a bakin zane, ta ja hannuna har rumfar ƙawarta. Ba ta iya ba da haƙuri ba, don haka sai ta kwance shi ta ajiye mata a cinya, ta faɗi inda aka samo shi da abin da tabarma ta nuna. Ƙawar ta juya shi ta sake juyawa.

Ta ce, "Tun ran da na fara ganin kina jawo zare wajen jikinki na san akwai tamu a cikinki. Na yi shiru ne don na san bakinki."

Kaka ta tambaye ta, su kuma wa ya koya musu? Ta ce ita ma ba ta sani ba. Tsofaffinsu dai sukan ce ba a dutse aka halicce su ba, daga bakin wani ruwa suka hau. Su biyun suka zauna suna kallon abin nan da bai kai tafin hannu ba, masu saye suna tambayar farashi ba mai kula su. Jajibirin kasuwar da ta biyo baya ban samu ragowar tuwo ba.

Da kaka ta rasu, ƙawar ta sauko da sanda ta tsaya a bakin ƙofa cikin sauran baƙi. Mahaifiyata ta kama hannunta ta zaunar da ita a tabarmar masu karɓar gaisuwa, aka riƙa ce mata ya haƙuri tana amsawa.

Yanzu an yi gini a kan gaɓar nan, ruwan gidana ma a roba yake, ni kuwa ban gaji ginin tukwane ba. Kawu ya tsufa, kuma har yau in na taso da maganar sai ya ce masana ba su gama gardama a kan inda wannan ado ya faro ba, wataƙila ma ba wuri guda ba ne. Ni abin da yake ba ni mamaki, yake kuma sosa mini rai, bai kai can ba. In 'ya'yana suka tambaye ni asalinmu, nakan lissafa musu mazan da suka zo daga yamma ɗaya bayan ɗaya, har da garin da suka baro. Tsohuwar nan mai zane a fuska, matar da sana'arta ta ciyar da gidanmu har zuwa kaina kuwa, na tambayi kaka kafin ta rasu, na tambayi duk tsohon da na samu a dangi. Iya kawai suke ce mata, kuma ba wanda ya san sunanta.