Masar da na koyar a Al Ras

Abin da aka rubuta a bizata shi ne mai taimako a kicin. Shekara biyu aka ba ni, a wani ƙaramin otal da ke Al Ras, kusa da layin masu kayan ƙamshi. Aikina wanke tukwane, fere dankali, goge ƙasa da kwashe shara. A Al Warsan nake kwana, a ɗakin da otal ɗin ya kama mana mu shida, motar ma'aikata ta kwashe mu bayan sallar asuba, ta maido mu da yamma. Kafin in zo Dubai na yi shekara tara ina taya mahaifiyata sayar da masa da miyar taushe a ƙofar gidanmu a Zariya, amma babu wanda ya tambaye ni wannan da aka zo ɗaukata, ni ma ban faɗa ba.

Yawancin baƙin otal ɗin 'yan kasuwarmu ne na Kano da Katsina. Su yi mako ɗaya ko biyu suna saro abaya da turare da takalma, su ba 'yan kargo masu aika kaya gida, su koma. Cikinsu akwai wata dattijuwa 'yar Kano, Hajiya kawai kowa ke ce mata, duk bayan wata ɗaya ko biyu sai ta zo da ayarin mata a bayanta. Wata rana aka aike ni ɗauko faranti a ɗakinta, na tarar ba ta taɓa abincin ba. Da ta ji sallamata sai ta ɗago ta tambaye ni ko 'yar ina ce. Ta ce gyambon ciki gare ta, yajin abincinsu ba ya barinta, kwananta huɗu ke nan a kan shayi da burodi.

Na koma na roƙi shugaban kicin ya bar ni in yi amfani da murhu ɗaya a lokacin hutuna. Wani dattijon Balarabe ne, Shef muke ce masa, shi kuma ukti yake kirana, wato 'yar'uwa. Ya ce yalla, wato in je in yi, in dai ba zan bar masa tukunya da datti ba. Ina da 'yar kuka da daddawa da na zo da su daga gida. Na tuƙa tuwon shinkafa, na kaɗa miya, na kai mata. Ta cinye tas, ta yi ta sa mini albarka. Daga ranar ba ta ƙara kirana da wani suna ba sai 'yata.

Ita ta yi wa manaja magana. Da ta tashi dawowa sai ga ta da tanda sabuwa a cikin akwatinta, da kuka da daddawa da kanwa. Ba a yi wata uku ba aka ƙara shafi guda a takardar abincin otal: masa, tuwo, miyar kuka, miyar taushe, kunun gyaɗa. Mutanenmu da ke sauka a wasu otal-otal suka fara tattaro kayansu suna dawowa wurinmu. In gama suya in koma bakin famfo in ci gaba da wanke-wanke, don a takarda har yanzu aikina ke nan. Ban damu ba. In na leƙo ta 'yar tagar kicin na ga alhazai sun nannaɗe hannun riga suna cin masata, sai in ji gajiyar ta tafi.

Saura wata huɗu bizata ta ƙare Shef ya kira ni gefe. Ya ce ya yi magana da ofis, in an zo sabuntawa za a rubuta ni a matsayin mai girki, a ba ni farar riga irin tasu. Sai dai ofis na son ganin komai a rubuce, kuma mai girki dole a ce tana da waɗanda ta koya wa. Ya ajiye mini sikeli a gabana. Ni da tun tasowata da hannu da ido nake awo, na zauna ina auna shinkafa da yis da sukari, shi yana rubutawa a littafi, wani lokacin ya ɗauka da wayarsa. Ya haɗa ni da masu girki biyu, ɗaya ɗan Nepal, ɗaya ɗan Bangladesh, mutanen kirki masu saurin ɗauka. Ban ɓoye musu komai ba. Na nuna musu yadda ake gane ƙullu ya tashi daga ƙamshinsa, da lokacin da ake juya masa kafin gefenta ya ƙone, da yadda ake kaɗa kuka ba ta yi gudaji ba. Ranar da ɗan Nepal ɗin ya fitar da masa mai kyau da kansa, har waya na yi wa mahaifiyata na ba ta labari, muka yi ta dariya.

Ana saura mako biyar aka kira ni ofishin ma'aikata. Na tafi da murnata. Matar da ke wurin ta turo mini takarda, ta ce ba za a sabunta kwantiragina ba, otal ba ya bukatar mai taimako a kicin, wani kamfani zai riƙa kawo masu wanke-wanke. Na ce mata ai ni mai girki za a mai da ni. Ta duba kwamfutarta ta ce ba ta ga wannan maganar a ko'ina ba. Da na koma kicin Shef bai yarda mun haɗa ido ba.

"Ba a hannuna yake ba, ukti," ya ce. "Khalas, magana ta ƙare."

Aka yi sa'a Hajiya tana gari a makon. Na hau ɗakinta na zayyana mata komai, ina kuka. Na san in ta buɗe baki manaja zai saurara, don rabin ɗakunan hawa na uku mutanenta ne a ciki. Ta dafa kafaɗata ta ce in kwantar da hankalina, za ta gan shi, inshallah babu inda za ni. Na yi kwana uku ina jira.

A rana ta huɗu ɗan Nepal ɗin ya same ni ina goge tanda. Ya yi mini magana cikin guntun Turancin da muke fahimtar juna da shi. Ya ce a watan da ya wuce, ranar hutuna, Shef ya sa shi ya soya masa aka kai ofishin manaja. Aka kira Hajiya ta ɗanɗana, aka tambaye ta ko mutanenta za su ci gaba da sauka a nan in babu ni. Ta ce babu wani bambanci, za su zo. Shi ya ɗauka na sani. Ya ba ni haƙuri, alhali ba shi ya yi mini ba.

Na sami Hajiya tana ɗaure buhunan abaya da salatif. Ban zauna ba.

"Hajiya, ashe tun wancan zuwan kin san za a sallame ni?"

Ta ci gaba da ɗaurinta. "Tambayata aka yi, 'yata, na faɗi gaskiya. Masar ta yi daɗi. So kike in yi ƙarya?"

"Ba ƙarya nake so ki yi ba. Da kin gaya mini, da na fara neman wani wurin tun ina da lokaci."

Ta ce ita ba ta son shiga tsakanin ma'aikaci da masu gidansa, kuma manajan yana yi mata sauƙin ɗakuna, ba za ta ɓata da shi ba. Ta zaro abaya ɗaya baƙa mai duwatsu ta miƙo mini, wai in kai wa mahaifiyata tsaraba. Na ce na gode, na bar ta a kan gado na fita.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ƙarya ta yi ba. Masar ta yi daɗi, ni na tsaya a kanta har ta yi. A watan nan da ta sani ban sani ba, sau biyu tana kirana daga Kano tana tambayar me za ta taho mini da shi.

Bayan an soke bizar an ba ni 'yan kwanaki in samu wani aikin ko in bar ƙasar. Na zaga gidajen abinci na unguwar Deira ɗaya bayan ɗaya. Duk inda na je sai a ce ana so, amma wadda take da bizarta a hannu, don a lokacin fitar wa ɗan Najeriya sabuwa ya yi wuya. Wani ya ce in zauna in yi masa aiki a ɓoye, na ƙi, na ga yadda waɗanda suka yi haka suke rayuwa, ko asibiti ba sa iya zuwa. Ana jibi kwanakina su cika na hau jirgi. Abokan ɗakina ne suka raka ni, ɗan Nepal ɗin kuma ya aiko mini da ganyen shayi na garinsu.

Yanzu ina Zariya, na kama ɗan shago kusa da tasha, ni da ƙanwata. Masu dawowa daga Dubai kan ce mini har yau ana sayar da masa a otal ɗin, kuma layi ake yi mata ranar Juma'a. Bara Hajiya ta kira ni sau biyu, sannan ta turo saƙon murya, wai za ta aurar da jikarta, tana so in zo Kano in yi musu girkin biki. Mahaifiyata ta ce in amsa mata ko don girmanta. Na ce to, amma har bikin ya wuce ban kira ba.