Ranar da Na Ɓata Yaye a Kufena

Shekarun baya ne, ina tsaye a gindin dutsen Kufena, takalmin 'yar yayana ƙafa ɗaya a hannuna, ita kuma babu ita babu dalilinta. Shinkafa da wake na ƙonewa a kan murhu, ina jin ƙaurin, ban ko waiwaya ba.

Ni na jawo tafiyar. Lokacin na bar makaranta a aji uku, ba sana'a, sai yawo. An yaye yarinyar tana wata ashirin, aka kawo ta ɗakin mahaifiyata. To gida ɗaya muke a Ƙofar Galadima, da ta ji muryar uwarta sai kuka. Na ce mu tafi gonar Baba ta Kufena mu kwana biyu a bukka, tunda ana cire gyaɗa. Mahaifiyata ta ce, "Yau dai ka yi magana mai kai."

Mun kwana ɗaya lafiya. Washegari da hantsi Baba da mahaifiyata suka shiga gona, aka bar min abu biyu: tukunya da yarinya. Na kafa duwatsu uku, na hura wuta, na binne dankali a toka. Sai ga birai sun sauko kan falalen dutse, wata da ɗanta manne a ciki. Na zaunar da yarinyar a tabarma, na ba ta kunu, na ce bari in matsa kaɗan. Kaɗan ɗin nan ta kai ni bayan wani dutse, har da su agwada na tsaya kallo. Da na dawo, sai takalmi.

Na duba bukka, na duba kwari, na leƙa tsohuwar rijiyar da ke bakin gona har sau biyu. Daga nan na je na faɗa. Baba bai zage ni ba, da ma ya zaga. Cewa ya yi, "Kai bi gabas." Mahaifiyata ta yi yamma tana salati, zani na kwancewa.

A gonar maƙwabta na same ta, ƙarƙashin ɗorawa. Wata mata 'yar Wusasa ta zauna tana shayar da ɗanta, ita kuma tamu ta kama ɗaya nonon, ido a lumshe, ƙafa ɗaya da takalmi.

"Taku ce?" in ji matar. "Zuwa ta yi ta ɗaga min riga. Me zan ce mata?"

Na ƙwala kira, mahaifiyata ta iso tana haki. Ta kalli yarinyar, ta kalle ni. "Kwana biyar ina fama. Kwana biyar, ka rusa min a kan biri."

"Inna, ai an gan ta."

"Rufe min baki, ɗan'uwan birai."

Baba ya tsaya daga nesa, ya juya baya, ya tambaya ko yarinyar ta haɗiyi nonon. Matar ta yi dariya ta ce har ta yi gyatsa. Ya ce to ko sau ɗaya ne, tunda ba ta cika shekara biyu ba, wannan yaron ɗan'uwanta ne na nono, babu aure tsakaninsu har abada. Ya sa mahaifiyata ta tambayi sunan yaron da gidansu, ni kuma ya ce in rubuta, tunda na ce na yi boko. A bayan kwalin ashana na rubuta. Ranar dankali kawai muka ci, tare da matar.

Yau yarinyar tana da 'ya'ya uku, kuma ɗan Wusasan nan ya zo bikinta, ya ci tuwo da mu a zaure. Ni kuwa har yanzu in an ba ni riƙon yaro, ko akuya ba na kallo.

Da la'asar ɗin ranar da abin ya faru a Kufena, wani mai keke zai shiga birni, na nemo takarda na rubuta wasiƙa, na ba shi ya kai wa matar yayana:

"Gaisuwa mai yawa. 'Yarki tana lafiya, ta ƙoshi. Yaye ya koma farko, Inna ta ce sai mun ƙara kwana uku. Kuma kin samu ɗa a Wusasa. Laifina ne. Kada ki faɗa wa Yaya sai na dawo, in ma kin faɗa, ki bari ya ci abinci tukuna."