Wardin Iya da Makahon Ƙudan Zuma

Abokan ɗakina a nan unguwar Mansura ta Qatar sun ce ko gaisuwa na yi sai na ƙara mata gishiri. To wannan dai babu gishiri, sai ɗan barbaɗe.

A tsakar gidanmu na Zariya, kusa da randa, kakata Iya tana da wardi. Furensa ɗan cukurkuɗaɗɗe ne, ruwan hoda koɗaɗɗe, kuma sau ɗaya yake fitowa a shekara. Amma ƙamshi! In ya buɗe, har bunsurun maƙwabta sai ya yi farin jini. Iya ta ce kakarta ce ta taho da reshensa daga hanyar Makka, soke cikin dankali don kada ya bushe.

In an kwashe tuwo, garwashi ya fara lumshe ido, sai ta miƙe ƙafa.

"Angona, matso. Ga ta nan, in kunnenka bai tafi yawo ba."

"Ta zo, Iya, ko mu je mu ɗauko ta."

Wai akwai wani makahon ƙudan zuma da ke zuwa zance wurin 'yan matan wardi, da hanci yake gane gida. Ran nan sai ga wani falke da tukwanen rini. Ya ce duk wadda ta ba shi ƙamshinta, zai ba ta launi da girma, ta riƙa fitowa rani da damina. Aka yi ta rububi. Ɗaya ce kawai ta ƙi, wata mai yawan ƙaya. Aka yi mata dariya, aka tura ta bayan danga, har sunanta ya ɓace. Da makaho ya dawo, sai ya ji lambu wayam.

"Ina kuka shiga?"

"Ga mu nan! Ba ka ga kyanmu ba?"

"Da me zan gani?"

Yana shirin juyawa, iska ta kawo masa saƙo daga bayan danga.

A nan Iya kan sassauta murya. "Irin wannan ba a sayensa a kasuwa, angona. Hannu ke ba hannu." Ni kuwa lokacin barci ya riga ya ɗauke ni, ina shawagi bisa danga da fukafukai.

Bayan rasuwarta aka shafe tsakar gidan da siminti, ba a yanki reshe ba.

Bara na kai kafil ɗina, wato ubangidana, wani tsohon gida a unguwar Al Asmakh, don ni direba ne. Ina sauke gilashin mota, sai ga Iya a hancina. Na bi ƙamshin har jikin wani bango, na tarar da irin wardinta, da ƙayarsa da koɗewarsa. Maigadi ya ce gobe za a rushe gidan. Na roƙi reshe, na soke a dankali, na binne cikin bokitin fenti, ina ba shi ruwan da ke ɗiga daga esi mai sanyaya ɗakinmu.

Wata safiya Isiyaka, mutumin Zangon Kumasi da muke ɗaki ɗaya, ya ƙwala mini kira.

"Bazazzage, yalla, zo ka ga wardinka ya yi ganye!"

Na taho da gudu, takalmi ƙafa ɗaya. Ganyen dankali ne, shar.

"Khalas, shi ke nan," in ji shi, "ka zama sarkin noman Qatar. A ajiye mini buhu biyu."

Na yi dariya, amma na tuna gidan can an riga an baje shi, ba sauran wani reshe. Na sa hannu zan tumɓuke komai, sai ƙaya ta soke ni. Na ɗaga ganyen a hankali. Ga wani ɗan tsiro ja a jikin reshen, bai kai farcen jariri ba.

Da ina yaro na zaci Iya gargaɗi take yi kan son kwalliya. Ashe wasiyya take bari, mu kuwa muna gyangyaɗi. Har yau bai yi fure ba, kuma ba na gaggawa. In hutuna ya zo, zan yanki reshe in kai wa 'yata, takwarar Iya. Na riga na gaya mata ta nemi dankali.